'Yan Haya

Kwalbar da suka ba ni ba ta kai ɗan yatsa ba,
murfi shuɗi, da ɗan cokali a maƙale.
Na ce wa ma'aikaciyar: shekarata sittin da uku,
ban taɓa kai wa kowa irin wannan tsaraba ba.
Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta Sallau Jibo,
ta cinye harafi ɗaya.

Daga Agege zuwa Idi-Araba mota biyu ce.
Na naɗe ta a baƙar leda, na sa a aljihun gaba,
kwandasta na ihu a kaina,
ni kuwa ina gadin abin da a da
buta ɗaya ke sallamarsa.

Dakta Ogunbiyi tana jin Hausa kaɗan-kaɗan,
guzurin bautar ƙasa daga Gusau.
Ta ce, Baba, cikinka gari ne.
Akwai mazauna a hanjinka, ido ba ya kama su,
sun fi mutanen Ikko yawa, nesa ba kusa ba.
Wasu na ƙarasa dafa abin da ka haɗiye,
wasu na yaɓen bango,
wasu kuma,
sai ta gyara zaman tabarau,
ana zargin suna hura wutar da ta zama wannan ƙari.
Zargi, in ji ta. Bincike bai ƙare ba.

Na ce, to wa ke ɗan gari, wa ke baƙo?
Ta ce, ai tambayar ke nan.

Na san tambayar.
Shekara arba'in ina kasa goro a Agege,
har gobe ana yi mini ita.

Ta ce, kafso nawa ka sha a rayuwarka?
Wa ya ƙirga? Mura, biyu. Ciwon baya, biyu,
daga farantin yaron da ke zagaya tasha.
Ta ce irinsu in babu dalili katafila ce da asuba,
ba ta tambayar wane ne ɓarawo, wane ne tela.
Wannan kam na gani da idona
a bakin titin jirgi, ranar da aka kwashe rumfunanmu.
Ɗan'asabe mai shayi bai sake dawowa ba.
Ɓeraye suka riga kowa.

Ba ta ce ni na jawo wa kaina ba.
Na jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba.

Duk bayan mako uku ana ɗaura mini ruwa.
Mista Effiong na kujerar hagu,
ciwonmu ɗaya, ledarmu ɗaya, har ƙarfen ratayewa ɗaya.
Shi ya koma koyarwa tun kafin azumi,
ni ɗinkin wandona sau biyu ana ragewa.
Kwana na Allah ne, ban musa ba.
Su dai suna son sanin
ko 'yan hayarsa sun kama wa maganin hannu,
nawa kuma sun naɗe nasu.

Yanzu Ladidi ta mai da tukunya hukuma:
wake, zogale, kindirmo daga matar da ke bayan masallaci,
daddawa har maƙwabta na tari.
Dakta ta ce, ba magani ba ne fa, kar ka fasa zuwa,
ciyar da mutanen gida ne kawai.

Jiya da dare aka ɗauke wuta, ruwa na dukan kwano.
Cikina ya yi ƙugi.
Da, sai in juya in ja tsaki.
Jiya na ɗora tafin hannu, na kasa kunne.
Ni da ban taɓa mallakar ko ɗaki ɗaya a Ikko ba,
ashe ina da gidan haya, cike maƙil,
ba wanda ya taɓa gaishe ni.

Na ce musu, a hankali don kar Ladidi ta farka:
duk wanda ke gyara, ya ci gaba.
Sauran, ban san me zan ce muku ba.
Bangon dai, in ya faɗi, a kanmu ne duka.

Ranar Talata akwai wata kwalbar.
Na riga na ware leda.